Ɗawisu da Baƙin Jirgi

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu saurara.

Balbelu ne suka zo Indiya a jirgin ruwa daga Turai, suna sayen masoro wurin Biri. Ɗawisu ya ga Biri ya yi ƙiba, hassada ta hana shi sukuni.

Ya same su ya ce, "Me Biri ya fi ni? Ku dawo wurina."

Shugabarsu ta ce, "Ranka ya daɗe, ina za mu ajiye kaya?"

"Ga gaɓata ta bakin teku, ku gina."

Suka gina ganuwa, suka ɗora igwa, suka kore Biri. Ɗawisu ya zo yana rawa, suka danne shi suka fige jelarsa, wai haraji ne.

Ya tashi yana kuka ya ce, "To shi Birin fa, an yi masa haka, ko ni kaɗai?"

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ta koma inda ta fito.