Albasar Kawu Labo da Saƙonnin Sadiƙu

Akwai wani saurayi a Birnin Ƙonni mai suna Sadiƙu. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, har Yamai, ya dawo da faransanci a baki da kuma wani ji da kai wanda ko gaisuwarsa ka amsa sai ka lura da shi.

A shekarar 2009 ke nan, lokacin da samari suka fara cika shagunan intanet, waɗanda ake ce wa sibar, suna buɗe shafi a dandalin sada zumunta.

Kawunsa Labo manomin albasa ne a wajen Dogarawa. Shekarar nan albasa ta yi kyau, ya cika rudu, wato rumbun karan da ake ajiye ta. Dillalai suka zo taye, Sadiƙu ya hana shi sayarwa. Ya ce shi zai samo masa ɗan kasuwa daga Abijan kai tsaye ta intanet, ba ruwansu da masu cin tsakiya.

Tsohon bai san mene ne intanet ba, amma ya san ɗan ƙanwarsa. Ya sallami dillalai. Albasar nan kuwa ita ce cin gidansa na shekara, ga damina ta kusa, kuma albasa ba ta shiri da laima.

Mai kula da sibar ɗin da Sadiƙu ke zuwa Latifa ce, ɗiyar Labo, taubashiyarsa. Tun suna yara ba su taɓa magana ba tare da tsokana ba.

Da ta ga ya rubuta saƙo ɗaya yana liƙa wa duk wani mai sunan Bahaushe da ke zaune a Abijan, sai ta jawo kujera. Ta gaya masa ta ga an rufe wa mutane shafi a gabanta a kan irin wannan. Ta ce ya tsaya a goma ko sha biyar a yini, ya raba su safe da yamma, kowa da gaisuwarsa da sunansa, ya jira amsa kafin ya ƙara.

Sadiƙu ya yi dariya. A zatonsa wasan taubasai ne.

"Ke dai kina son in riƙa zowa kullum kina kallona," in ji shi.

"Wanga ba wasa ba ne, Sadiƙu. Albasar babana ce."

Ya ce ya ji. Bai ji komai ba.

Cikin ikon Allah sai wani ya amsa. Alhaji Amadu, ɗan asalin Alela mai sayar da albasa a Abijan. Ya ce yana da babbar mota da za ta sauke kaya Malbaza ta koma fanko, in albasar ta kai yadda aka faɗa zai kwashe duka. Ya ce gobe zai turo lambar direba da ranar zuwa.

To jama'a, mai hankali a nan zai tsaya, ya karɓi lambar wayar mutumin, ya gode Allah. Shi kuwa gogan naku kansa ya ƙara girma. Ya ce in mutum ɗaya ya amsa daga wannan ɗan adadi, in ya tura wa ɗaruruwa ai sai ya zaɓi farashi.

Ya zauna tun hantsi yana liƙawa yana turawa. Gargaɗi ya fito a allo cewa ya rage gudu. Latifa ta nuna masa da yatsa. Ya goge gargaɗin ya ci gaba.

Washegari ya zo da sassafe, hadari ya haɗo ta gabas. Ya sa sunansa da lambar sirri. Shafi ya ƙi buɗewa. Ya sake, ya sake. Sai rubutu ya fito: an rufe, saboda mutane da yawa sun kai ƙarar saƙonsa.

Amsar Alhaji Amadu tana ciki. Lambar direba tana ciki. Ba shi da lambar wayar mutumin.

Latifa ba ta ce masa na gaya maka ba, ta dai buɗe masa sabon shafi, suka nemo Alhajin suka rubuta masa. Da amsar ta zo, gajeriya ce. Ya ce abokansa na kasuwa huɗu sun nuna masa saƙon nan iri ɗaya, harafi da harafi, ga shi yanzu an sake zuwa da sabon shafi. Shi ba ya tura mota wurin ɗan damfara.

Sadiƙu ya hau kabu-kabu ya ruga Malbaza yana tambayar direbobi. Aka ce motar Abijan ta yi lodi wurin wani manomi ta wuce.

A hanyarsa ta zuwa Dogarawa ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi. Dillalan da aka sallama sun riga sun cika buhunansu wani wuri. Kafin a samu mai taye, wari ya fara tashi daga rudu.

Ranar da ya iya haɗa ido da kawunsa, ya same shi zaune a tabarma, an zube albasa gabansa, yana ware mai rai daga ruɓaɓɓiya. Ruɓaɓɓiyar ta fi yawa. Sadiƙu ya durƙusa, ya fara bayanin yadda shafi yake da yadda aka rufe shi.

Kawu Labo bai ɗago ba. Ya tura masa kwando da ƙafa.

"Ban san wanga abu da kake hwaɗi ba, ɗana. Zamna ka taya ni. Ɗaya-ɗaya za ka ɗauka, ka duba ta da kyau kahin ka kai hannu ga ta gaba."

Sadiƙu ya zauna. Hawayen da ya zubar ranar nan ba na yajin albasa ba ne.

Darasi: Duk wanda za ka tura wa saƙo mutum ne, ba buhu ba. Ka sa wa kanka iyaka a yini, kaɗan da gaisuwa da suna, kuma in wani ya amsa ka riƙe shi da kyau kafin ka nemi wani. Gaskiya ko daga bakin abokin wasa ta fito, ka saurare ta. Ku tura labarin nan ga 'yan uwa masu neman ciniki a waya, amma don Allah kaɗan-kaɗan, kada ku ma a rufe ku.