Gangar da Ke Jiran Numfashi

Akwai wani matashi a unguwar Ɗandabawi ta Makka mai suna Rakan, wanda Allah ya hore wa murya. Shi da abokansa biyu suka kafa ƙungiyar kiɗa. Muhannad na kaɗa jita, Sami na buga ganga. Sami kuwa yayan Hadil ne, matar Rakan.

Da suka yi suna, sai tafiye-tafiye suka yi yawa. Yau Jidda, jibi Riyad, daga can Abha, su uku a mota ɗaya da tulin kaya. Gajiya ta cinye rahar da ke tsakaninsu. Tun suna musu a kan wanda zai yi tuƙi, har suka koma kowa na kallon tagarsa.

Ranar da suka je ɗaukar waƙa a wani situdiyo a Jidda, mai ɗaukar sauti ya nuna musu allon na'urarsa. Ya ce gangar ba ta tafiya daidai, nan da can tana ɗan jinkiri.

Rakan ya juya ga Sami. "Ka ji ko, ya shek? Ashe kai kake jan mu baya. Gara mu sa gangar na'ura."

Sami bai yi musu ba. Ya tattara sandunansa ya ce, "Ɗayyib, shi ke nan. Allah ya ba da sa'a." Ya hau motar haya ya koma Makka.

A gida, Hadil tana zuba wa mijinta shayi, ta kira shi da sunan 'yarsu Rim, ta ce, "Abu Rim, ka taɓa waiwayawa ka dubi yayana in kuna wasa?"

"Ni da ke gaba, me zan duba a baya?"

Ta miƙa masa shayin.

Wasa na gaba a Dammam ne, da gangar na'ura. Rakan yana da asma tun yana yaro. Ana tsakiyar waƙa ƙirjinsa ya riƙe, ya tsaya jan numfashi. Na'ura ba ta jira shi ba. Ya bi ta a guje, baitin ya kuɓuce masa, waƙar ta ƙare yana tsaye shiru a gaban jama'a.

A hanyar dawowa Muhannad ya ce, "In Sami bai dawo ba, ni ma na ajiye."

Da Rakan ya iso gida, Hadil ta buɗe masa wani tsohon bidiyon wasansu a wayarta.

"Shi nake kallo in ka yi tafiya," in ji ta. "Da, kai kaɗai nake gani. Yau ka dubi na bayanka."

Ya duba. Idon Sami na kan kafaɗarsa. Duk sanda kafaɗar ta ɗaga don neman iska, sai Sami ya ɗan riƙe hannu, har numfashin ya dawo. Jinkirin da aka gani a allo ke nan.

Washegari Rakan ya nufi unguwar Misfala, shagon dabinon mahaifin Hadil, inda ya tarar da Sami yana ɗaure kwali.

"Yaya, me ya hana ka faɗa a ranar?"

"Yau kuma ni ne Yaya?" Sami ya yi murmushi. "In gaya wa baƙo mijin ƙanwata ba shi da numfashi? Da wane ido zan kalli Hadil?"

Rakan ya sunkuyar da kai, ya kama masa ɗaurin kwalin.

Da suka koma situdiyo, Rakan ya ce a ɗauke su tare a ɗaki ɗaya, ya tsaya inda Sami zai ga kafaɗarsa. Mai ɗaukar sauti ya saurara, ya ce har yanzu gangar na jinkiri.

Rakan ya ce, "Bar ta haka. Ni take jira."

Darasi: Kafin ka kira wani mai jan ka baya, ka waiwaya tukuna, wataƙila jiran ka yake yi. Masu rufa mana asiri ba su cika faɗa ba. Ku tura wa wanda ya taɓa jiran ku, ku kuma yaɗa don wasu su amfana.