Katin Mama Ya Ƙare a Gaisuwa

Akwai wani ma'aikaci a Jalingo, sunansa Tobiya. Tun ranar da ofis ya ce za a tura shi kwas ƙasar Kenya ya fara tafiya kamar ba ya son taka ƙasa.

Yana sauka daga jirgi ya sayi sabon layi, ya cire na gida ya jefa cikin jaka. Lambar kuwa ogansa kaɗai ya ba, sai mahaifiyarsa Mama Rebeka da ke garin Mutum Biyu, ita ma don ta matsa masa. 'Yan'uwa tuni ya toshe su a WhatsApp, wai roƙonsu ya ishe shi.

Ana tsakiyar darasi waya ta yi ƙara. Ya fita ya ɗauka, ashe Mama ce.

"Tobiya, ka sauka lafiya? Yaya sanyi? Yaya mutanen wurin?"

Sai layin ya yanke. Ransa ya ɓaci. A fito da shi daga gaban manyan mutane don a tambaye shi sanyi? Washegari ta sake kira, ta sake gaisuwa, ya sake yankewa. A na uku ya daka mata tsawa ya ce ba hira ta kai shi can ba, ya sa wayar a shiru. Ko sau ɗaya bai kira ta ba, alhali layinsa cike yake da kati.

Abin haushi, shi da ya yi boko ya fi kowa sanin yadda kiran ƙasar waje ke cinye kati.

Da ya dawo ya tarar da ƙanwarsa Jemima a ƙofar gidansa a unguwar Yelwa, idonta ja. Ko sannu ba ta yi masa ba. Ta ce an binne babansu ranar Asabar, kuma har ya cika sunan Tobiya yake kira. Mama gyaɗarta ta yi ta sayarwa tana sayen kati, kati na ƙarewa kafin ta kai ga maganar.

Ya isa Mutum Biyu, ya durƙusa ya ce, "Mama, me ya sa ba ki faɗa kai tsaye ba?"

Ta dube shi ta ce:

"Ɗana yana ƙasar mutane, in fara da mugun labari ban ji lafiyarsa ba? Ni jira nake ka kira."

Darasi: In kiran iyayenka ya yanke, kai ne za ka kira, ko a ina kake. Ku tura wa duk wanda sabon layi ya sa ya manta gida.