Tanimu Mai Wankin Kafireto da Jirgin Sabi'u

Kai Mai'unguwa Barau, kai ka fara marinsa, kuma a gaban jama'a. Ɗago kanka ka ji. Ku ma da kuka taya shi, ku saurara.

An yi wani mutum a wani gari, ba sai an faɗi sunan garin ba. Bawan Allah ne, Tanimu, bakanike a gindin tsamiya. Ba shago, ba takarda. Sana'arsa wankin kafireto, abin nan da ke auna wa inji mai. Ya kwance, ya wanke da fetur, ya hure ƙananan ramukan da bakinsa. Har leɓɓansa sun yi fari.

A garin akwai Sabi'u mai walda, wanda ya shekara bakwai yana ƙera ɗan jirgin sama mai kujera ɗaya da injin tsohuwar mota. Aka yi ta yi masa dariya. Da abu ya yi fiffike, sai kowa ya zama ɗan'uwansa. Aka sa ranar tashi, aka share filin ƙwallo, aka kira makaɗa, Mai'unguwa har da sabuwar riga.

Da hantsin ranar Sabi'u ya ce, "Baba Tanimu, zo ka duba mini kafireton, ka sa albarka."

Tanimu ya kwance shi. A ciki akwai ɗan gwangwani da ke yawo a kan mai, shi ke tsayar da fetur in ya isa. Ya ciro, ya kai kunne, ya girgiza. Ku saurara! Ya ji mai yana motsi a cikinsa. Ya duba, sai ga huda an liƙe da sabulu.

"Ɗana, wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba. Ai haka ake yi wa tankin mota."

"Mota in ta mutu ka gangara gefen titi. A sama ina gefen titin? Yau ba ka tashi."

Mai'unguwa ya taso. "Kai Tanimu, baƙi sun zauna, an dafa shinkafa! Mayar masa, minti biyar kawai zai yi."

"Ranka ya daɗe, minti biyar ɗin nake tsoro."

Ya jefa gwangwanin a aljihu, ya dafe. Nan aka ɗauke shi da mari. Ɗan baƙin ciki! Mahassadi! Aka yaga rigarsa, aka ƙwace gwangwanin, aka zubar masa da haƙora biyu. Bai rama ba. Wallahi bai zagi kowa ba. Da jini a baki ya ce, "Sabi'u, don darajar mahaifiyarka, ɗaure jirgin a bishiya ka tayar tukuna."

Yaron ya ji. Aka mayar da gwangwanin, aka ɗaure wutsiyar jirgi da igiya, aka tayar. Inji ya ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa. Kafin maroƙi ya gama yi wa Mai'unguwa kirari, sai baƙin hayaƙi. Fetur ya malalo, inji ya yi tari, ya mutu murus.

Kowa ya sulale. Shinkafa dai an cinye ta.

Sabi'u kaɗai ya durƙusa yana kuka. Yau yana nan da ransa, 'ya'yansa huɗu. Tanimu kuwa yana gindin tsamiya, in ya hura kafireto iska ta zurare ta giɓi, sai ya maimaita sau uku.

To jama'a, wanda ya hana ku abin da kuke so don ya tsare rai, ba maƙiyinku ba ne, ko da rigarsa duk baƙin mai ce. Allah yana ganin hannun da ya dafe aljihu, yana ganin hannun da ya yi mari. Kowa ya duba nasa.

Shi Tanimu ya ce ya yafe. Ni yayarsa ban yafe ba. A gaban jama'a aka dake shi, a gaban jama'a za a wanke shi. Barau, tashi ka gaya wa mutanen nan: laifin me Tanimu ya yi?