Ruwan Da Ya Ƙi Juyawa

An yi wani mutum, bawan Allah, malami a wata jami'a can shekarun baya, sunansa Malam Sallau. Ba zan faɗi garin ba, don na san halinku, kafin la'asar kun samo masa dangi.

Ilimin sinadarai yake koyarwa, ɓangaren da ke duba saurin haɗuwa: in ka zuba wannan a kan wancan, yaushe za su juya, me ke sa su sauri, me ke sa su nawa. Kada ku ce abin ya fi ƙarfinku. Iyayenmu mata da ke can baya sun san ƙullun waina ya fi saurin tashi a rana. To, karatun ke nan, an dai sa masa riga da wando.

Shi Malam Sallau aikin gwaji yake yi, ba a tabbatar da shi ba. Ga mata, ga yara, ga tsohuwa a gida. Sai aka ce manya za su zo daga wata jami'a su zauna a ajinsa. Abin da suka faɗa shi ke nan, ko ya zauna ko ya kama hanya.

Ranar ta zo, ana zafin bazara. Aji ya cika. Ya ɗauko ruwa iri biyu, farare tas kamar ruwan sha, ya ce wa ɗalibai, "In na haɗa su, kafin ku gama gyara zama za ku ga sun koma shuɗi." Abu ne da ya saba yi, bai taɓa ba shi kunya ba.

Ya haɗa. Shiru. Aka gyara zama, aka sake gyarawa. Ruwa yana nan fari. Jama'a, ku saurara, fari! Ɗalibai suka fara ƙus-ƙus, baƙi suka fara duba agogo, gumi ya keto wa bawan Allah.

Sai shugaban sashen, Dakta Lawandi, ya taso kamar zai gyara tebur. Mutumin kirki ne, shi ne ma ya kawo Malam Sallau aikin. Ku lura, ba kullum jarrabawa ke zuwa daga hannun maƙiyi ba. Ya danƙa masa 'yar kwalba a ɓoye, ya ce ƙasa-ƙasa, "Sallau, aidin ne. Ɗiga a ciki kana juyawa, nan take zai yi shuɗi. Ba mai gani. Ka tuna da iyalinka."

Wallahi ya tuna da su. Amma ya mayar masa da kwalbar yadda aka ba shi, a ɓoye, ya ce, "Ranka ya daɗe, na gode. Yaran nan abin da suka gani yau shi za su koyar gobe."

Ya juya ga aji ya ce, "Na ce muku zai juya, bai juya ba. Ban san dalili ba. Ku matso mu nema tare."

Kun ji? Malami, gaban baƙi, ya ce ban sani ba. Waninmu ko hanya aka tambaye shi gara ya ɓatar da mutum.

Wata ɗaliba, Hurera, ta taɓa gilashin da ruwan ke ciki ta ce, "Malam, ai sanyi gare shi kamar ƙanƙara!"

Ashe tsohon da ke kula da kayan gwajin, don tsoron kada zafi ya lalata su, firij ya sa kwalaben, sai da za a shiga aji ya fito da su. Malam Sallau ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi! Sanyi ne ya sa shi nawa. Ku karɓa, ku ɗumama shi da tafin hannunku." Gilashi ya shiga yawo hannu zuwa hannu. Yana hannun wani dogo a layin tsakiya, sai fat, ya koma shuɗi kamar ruwan baba na rini. Aji ya kaure da sowa. Dakta Lawandi ya zauna daɓas, yana fifita da hularsa.

Shugabar baƙin, wata dattijuwa, Farfesa Ladidi, ta miƙe ta ce, "Malam, tun shigowata na ga kwalaben suna raɓa, na san da sanyinsu. Da ruwan nan ya juya da wuri, da na san an sa masa hannu, kuma da yau ka bar aikin nan." Aka tabbatar da shi.

To jama'a, ƙaryar da aka miƙa masa don ta cece shi, da ya karɓa, da ita ta kashe shi. Gaskiya takan yi nawa, amma tana zuwa. Kai tela da aiki bai kammala ba, kai bakanike da ba ka gano cutar mota ba, ke ungozoma da abu ya shige miki duhu, buɗe baki ka ce ban sani ba, a nema tare. Wanda kake so ka rufe wa ido, wataƙila ya riga ka gani. In ma shi bai gani ba, Allah Ya gani. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya a ranar da gumi ke keto mana.