Kogon Beguwa da Ba Shi da Mai Gadi

An yi wani Zomo da wata Beguwa masu sana'ar ajiya a gindin wani dutse. Idan kaka ta yi, dabbobin dawa sukan kawo musu gyaɗa da gujiya, musamman irin da za su shuka, su bari a hannunsu har damina ta faɗi.

Zomo a ramin ƙasa yake ajiya. Ramin yana da faɗi, ga sauƙin shiga, don haka kusan kowa can yake kai kayansa. Ɓeraye ma can suka tare. Kullum sai sun haƙa sabuwar kafa, kullum Zomo yana bi da laka yana toshewa, yana mita.

Da abin ya ishe shi, sai ya toshe ƙofofin ramin duka ya bar ɗaya, ya ɗauko Tunku ya zaunar a bakinta. Tunku ba shi da fara'a, kuma da hanci yake magana kamar mai mura. Duk mai shiga sai ya tambaye shi, "Wa ya kira ka?" Idan Zomo bai amsa daga ciki cewa shi ya kira ba, sai dai mutum ya juya. Mai fita kuma ya ce masa, "Buɗe baki." Ɓeraye da yawa sun tofar da gyaɗa a wannan ƙofa.

Ita kuwa Beguwa a kogon dutse take ajiya, kuma gaskiya kogon yana da ƙarfi, ba haƙorin da zai huda shi. Masu ajiya a wurinta ba su da yawa, kuma ba a taɓa yi mata sata ba. Wannan magana ba ta barin bakinta.

Wata rana ta tarar da layi a ƙofar Zomo, Kunkuru na gaba yana huci. Sai ta toshe hanci, ta karkace baki, ta ce, "Wa ya kiya ka? Buɗe baki."

Layi ya kwashe da dariya. Tunku ko kallonta bai yi ba.

Zomo ya leƙo, kunnuwansa duk laka. "Yaya Beguwa, da sassafe?"

"Zomo, wannan gidan ajiya ne ko gidan yari? Dubi Baba Kunkuru, da girmansa, ana ce masa ya buɗe baki. Bawan Allah ko haƙori ba shi da shi."

"Ai kuwa," in ji Kunkuru. "Shekara da shekaru ina zuwa nan, yaron nan bai taɓa cewa ya gane ni ba."

"Na gane ka, Baba," in ji Tunku. "Wa ya kira ka?"

Beguwa ta karkaɗa ƙayoyinta. "Ku zo wurina. Ƙofa a buɗe, ba tambaya, ba wari. Ginin nawa daban ne. Ɓera bai san kansa ba."

"Bai san kansa ba, ko bai ga abin da zai sa ya koya ba?" in ji Zomo.

"Kai dai koma ka kwaɓa lakarka."

Kafin mako ya zagayo, dabbobi suka kwashe kayansu suka kai kogo. Buhu kan buhu, har saman dutse. Zomo ya rage da 'yan ajiya kaɗan, amma bai sallami Tunku ba.

Ɓeraye suka ga hanyar da buhuna suka bi. Babbansu ya je ya gwada haƙorinsa a jikin dutsen, ya dawo yana riƙe da baki. Ya ce, "Bango ba ya haƙuwa. Amma wa ya ce sai ta bango?"

Washegari da hantsi wani ɓera ya yi wanka, ya gyara gashin baki, ya jawo buhu zuwa ƙofar kogo. Ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, uwar ɗakina. Mun ji labarin gidanki har bayan rafi. 'Yar ajiya na kawo."

Beguwa ta ji daɗin "har bayan rafi". Ta ce, "Shiga da shi ciki, ka samu wuri."

Buhun yana ɗan motsi, amma ba ta duba ba. 'Yan'uwansa ne cike a ciki.

Daga ranar, kogo ya yi ta samun masu fita. Beguwa tana kwance a inuwar ƙofa, su wuce ɗaya bayan ɗaya, kumatu a kumbure, su ce, "Mmm an jima, mmwar ɗaki." Ita kuma ta ce a ranta, kai, ciniki ya buɗe. Ba ta taɓa tambayar kanta yadda masu fita suka fi masu shiga yawa ba.

Da ruwan farko ya sauka, dabbobi suka zo karɓar iri. Kunkuru ya ɗaga buhunsa da hannu ɗaya, abin da bai taɓa iyawa ba. Ya kwance bakin buhun. Ɓawo ne zalla.

"Beguwa, me zan shuka?"

"Ba mai iya huda dutsen nan," in ji Beguwa, tana zagaya bango tana shafawa. "Ku duba da kanku. Ko tsaga babu."

Suka duba. Ko tsaga babu. Gyaɗa ma babu.

Ba inda iri ya rage sai ramin Zomo. Dabbobi suka tasa Beguwa gaba, suka ce tunda ita ta jawo, ita za ta je ta roƙo musu. Ta tafi, ƙayoyinta a kwance. Ta isa ƙofa, ta yi sallama da 'yar ƙaramar murya.

Tunku ya dube ta daga sama har ƙasa. "Wa ya kira ki?"

Ba wanda ya yi dariya. Ta tsaya cikin yayyafi har Zomo ya gama toshe wata kafa, sannan ya ce daga ciki, "Bar ta ta shigo." Ya auna mata abin da zai iya, wanda bai kai rabin gonakin ba. Ta ɗauka ta nufo ƙofa.

"Buɗe baki," in ji Tunku.

Ta buɗe.

Darasin wannan labari shi ne, ƙarfin gini ba ya tsare ƙofa. Haka kwamfuta take. Wani tsarin da take aiki da shi ya fi wani ƙarfi, wani kuma ana ƙyale shi ne kawai don masu amfani da shi ba su da yawa. Ranar da suka yi yawa, masu ƙirƙirar muguwar manhaja za su biyo su, kuma sau da yawa mai kwamfutar ne da kansa zai ce musu su shigo. Saboda haka kowace iri ce taka, kada ka kashe katangar tsaronta, wato manhajar da ke gadin ƙofarta, don ta dame ka da tambaya. Ita ce Tunkun da ke duba mai shiga, ta kuma duba bakin mai fita.