Kwaɗo a Kan Tozon Madugu

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe.

Dabbobi ne suka naɗa Raƙumi madugun ayarinsu na fataucin goro. Shi kuwa goro, in bai samu yayyafin ruwa ba, sai ya bushe, jari ya salwanta.

Ranar tashi, Raƙumi ya ɗora Kwaɗo a kan tozonsa.

Kura ta kece da dariya. "Madugu, guzuri ne wannan? Ai ko loma bai kai ba!"

Raƙumi ya ce, "Ni sai in kwana goma ban ji ƙishi ba. Shi kuwa yana ji tun kafin goro ya ji."

Duk lokacin da Kwaɗo ya ce, "Ranka ya daɗe, fatata ta fara tauri," sai a yada zango a yayyafa wa kowane huhun goro ruwa, Kura tana ta gunaguni.

Suka isa kasuwa da goro ɗanye shar, masu saye na rububi.

Da dabbobi suka zo godiya, Raƙumi ya durƙusa, ya ce, "Ga mai ita nan a sama."

Kura ta matso ta russuna. "Mun gode, Malam Kwaɗo. Ashe da na haɗiye ka, da jarina na haɗiye."

Ƙurunƙus kan kusu! Ƙaryar ta Gizo ce.